Yaron da Ya Kasa Natsuwa a Aji: Jagora ga Malaman Firamare na Abakwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ɗaya ko aji biyu na firamare ya san su. Akwai wanda ba ya iya minti biyar a kan benci bai miƙe ba, ya taɓa wannan, ya ture wancan. Akwai wadda da an buga ƙararrawa sai ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka. Akwai mai tauna wuyan riga har ta jiƙe sharkaf, da wanda sai an kira sunansa sau uku kafin ya ɗago kai. Mun saba yi musu laƙabi: mai ƙiriniya, shagwaɓaɓɓiya, ƙazami, daƙiƙi. Maganin ma mun saba da shi: tsawa, kamun kunne, tsallen kwaɗo, bulala. Washegari yaron ya dawo da halinsa, domin abin da ke damunsa yana nan ba a taɓa shi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da yawa daga cikin yaran nan jikinsu ne ke karɓar ƙara da haske da zafi da taɓi ta wata hanya daban da ta sa'o'insu. Abin da wani ba ya ko lura da shi, wani yana jinsa har cikin ƙashi. Yaron da jikinsa bai natsu ba kuwa karatu ba ya shigarsa, komai iya koyarwar malami. An shirya wannan jagora ne don malamin da ajinsa ya cika maƙil, ba mataimaki, ba kuɗin sayen kayan waje, a unguwa irin Abakwa da maƙwabciyarta Unguwar Shanu da ke garin Kaduna, inda ba abin mamaki ba ne makaranta ta haɗa katanga da shagon walda ko injin niƙa.

Abin da ya kamata malami ya fara sani

An koya mana hanyoyin ji guda biyar: gani, saurare, sansana, ɗanɗano da taɓawa. Akwai wasu uku da ba a cika faɗa ba, alhali a aji su ne suka fi tasiri. Ta farko tana can cikin kunne, ita ke sanar da jiki ko yana tsaye, ko ya karkata, ko yana juyawa. Ta biyu tana cikin tsoka da gaɓoɓi, ita ke sa mutum ya san inda hannunsa yake ko da idonsa a rufe, ya kuma san yawan ƙarfin da zai danna fensir da shi. Ta uku ita ce jin abin da ke faruwa a cikin jiki: yunwa, ƙishirwa, fitsari, bugun zuciya. Yaron da wannan ta ukun ba ta yi masa aiki sosai ba yakan yi fitsari a wando ba da gangan ba, ko ya yi ta neman faɗa bai san yunwa ce ke cin sa ba.

Wata ƙwararriya 'yar Amurka mai suna Jean Ayres, mai aikin koya wa masu lalura ayyukan yau da kullum, ita ta fara tsara wannan fahimta, ta fitar da littafinta a kai a 1972. A 1997 wata takwararta, Winnie Dunn, ta kasa halayen yara gida huɗu, kuma rabon nata yana da amfani ga malami. Akwai mai saurin ji, wanda motsi kaɗan ke ɗauke masa hankali. Akwai mai gudu, wanda ke ɓuya a ƙarƙashin tebur ko ya ƙi shiga layi don kada a goge shi. Akwai mai nema, wanda ba ya ƙoshi da tsalle da juyi da taɓe-taɓe. Sai wanda abubuwa ke wuce shi, ya yi zuru, ya kife kai a tebur, har a ɗauka lalaci ne. Yaro ɗaya yana iya zama mai gudun ƙara kuma mai neman motsi a lokaci guda.

An fi ganin wannan hali a yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, da masu lalurar rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da otizim. Amma yara da yawa da ba su da wata lalura su ma suna fama da shi. Tun a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja hankali cewa kada a mai da wannan hali wata cuta mai zaman kanta, a binciki abin da ke ƙarƙashinsa. Don haka malami bai da hurumin sanya wa yaro sunan ciwo. Aikinsa ya lura, ya gyara abin da ke hannunsa, ya tura gaba in abin ya fi ƙarfinsa.

Mataki na farko: lura ta mako biyu

Ka ware shafi biyu a bayan littafinka. Ka zaɓi yaro ɗaya ko biyu da suka fi damun ka, kada ka wuce haka. Duk lokacin da abu ya faru ka rubuta abu biyar a taƙaice: rana da lokaci, wuri, abin da ya gabata, abin da yaron ya yi, da abin da ya kwantar da shi.

Ga yadda layi ɗaya zai kasance. Litinin, takwas saura minti goma, filin taron safe. Monita ya buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiya, yarinyar tana tsaye taku uku daga wurin. Ta toshe kunne, ta durƙusa, ta ƙi tashi. Ta natsu bayan an kai ta bayan ofis ta sha ruwa. In ka tara layi goma irin wannan, hoton zai fito da kansa. Sai ka ga rigimar kullum kafin a fita tara take tashi, wato yunwa. Ko kullum sai maƙwabci ya tayar da janareto. Ko ranar da aka sa sabuwar riga mai sitaci. Malamin da ya gano lokacin da wutar ke kamawa ya yi rabin aikin.

Mataki na biyu: a tabbata ba ciwo ba ne

Kafin ka ce yaro ba ya ji, ka tabbata yana ji ɗin. Ciwon kunne mai fitar da ruwa ya yawaita a yaranmu, kuma yana rage ji. Ka tsaya a bayan yaron ka kira shi a hankali ta dama, sannan ta hagu. Ka lura ko yana ƙanƙance ido in yana kallon allo, ko yana yawan murza shi, musamman lokacin ƙura. Ka duba kai da tsakanin yatsu: makero, ƙwarƙwata da ƙazuwa suna hana zama lafiya. Tsutsar ciki, ƙarancin jini, ciwon haƙori da ciwon gaɓoɓi na masu sikila duk suna fitowa da kamannin rashin ji. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya, ya dawo bai san abin da ya wuce ba. Wannan ta likita ce.

Ka tambayi barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kullum. Yaranmu da yawa suna tashi tun asuba, su yi boko, su wuce islamiyya har kusan magariba, sannan su zauna kallo ko wasa da waya har dare ya raba. Wanda bai ƙoshi da barci ba, ƙaramar ƙara ma babba ce a wurinsa.

Mataki na uku: gyaran ɗaki

Ƙara ita ce babbar matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta ce hayaniyar da ke cikin aji lokacin darasi kada ta wuce ma'aunin desibel 35, wato shirun da ake jin magana a hankali daga ƙarshen ɗaki. Ajin da ke kusa da titi, da hon ɗin keke napep da kiɗan mai sayar da kaset da jiragen horon sojan sama da ke tashi daga wajen Mando, ya yi nisa da wannan. Ba za ka iya hana titi ƙara ba, amma ta cikin ɗaki tana hannunka. Ka yanka tsofaffin silifas ko robar taya a buga a ƙarƙashin ƙafafun benci, ƙarar ja za ta mutu. Tabarma ko tsohon labule mai kauri a bangon baya yana rage amsa-kuwwa. A ɗauke ƙararrawa daga kusa da ƙananan azuzuwa, a kuma riƙa sanar da yara kafin a buga: “Saura kaɗan a buga ƙararrawa, mai son rufe kunne ya rufe.” Ƙarar da aka san tana zuwa ba ta firgitarwa kamar ta ba-zata. Kada a cusa wa yaro auduga ko takarda a kunne. In har ya zama dole, a nemo abin rufe kunne irin na masu aikin inji, ya sa na ɗan lokaci ya cire.

Kai ma malam ka rage murya. Ihu ba ya kawo shiru, ƙara hayaniya yake yi. Ka zaɓi alama ɗaya, ko ɗaga hannu ko tafi uku da yara za su amsa da tafi uku, ka tsaya a kanta.

Haske: ka zauna a kan benci a kusurwoyi huɗu na ajin da safe da kuma hantsi, ka kalli allo da kanka. Inda rana ke dukan allo rubutu ya ɓace, a rataya ƙyalle a wannan tagar. A goge allo da jiƙaƙƙen tsumma don kada ƙurar alli ta tashi. Bangon da allo yake kada a cika shi da hotuna, a mai da su gefe ko baya.

Wurin zama: tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma kowa ya san azuzuwan gwamnati da yawa sun ninka haka, musamman tun da aka fara ciyar da ɗalibai a jihar Kaduna a 2016 yara suka yi ta kwarara. A irin wannan cunkoso, bakin benci dukiya ne. Ka ba wanda ba ya son a goge shi bakin benci ta jikin bango. Mai saurin ji ya zauna gaba, nesa da ƙofa da taga. Mai neman motsi ya zauna gefe ko baya, inda zai iya miƙewa ya yi rubutu a tsaye bai tare wa kowa allo ba. Wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa a sa masa bulo ko guntun katako ya taka, domin ƙafar da ke lilo ba ta barin jiki ya zauna. In an ɗaura robar tsohon tib tsakanin ƙafafun tebur, yaro zai riƙa tura ta da ƙafa hannunsa na rubutu.

Mataki na huɗu: tafiya da yanayi

A hunturu fata na bushewa, leɓe na tsagewa, rigar sanyi mai gashi na sa ƙaiƙayi. A shawarci iyaye su shafa wa yaro mai sosai, su sa masa singileti mai laushi a ciki, su yanke 'yar takardar da ke wuyan riga. A bazara, watannin Maris da Afrilu, ajin kwano marar silin yakan gasa yara tun kafin azahar. A sa lissafi da karatu da sassafe, a bar kowa ya ajiye gorar ruwansa kusa, a bar yarinyar da hijabi ya matse wa haɓa ta sassauta shi. A damina, in ruwa ya sauko a kan kwano, kada ka yi gasar murya da shi. Ka rubuta aiki a allo, a koma kwafi ko zane har ya tsagaita, ka matso da masu tsoron tsawa kusa da kai. Maganin dindindin shi ne silin, kuma wannan magana ce da ya dace a kai gaban kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai.

Mataki na biyar: motsi kafin a nema

Je ka makarantar allo ka ga yadda almajirai ke rausaya gaba da baya suna karatu, ba mai hana su, haddar kuma tana zama. Jiki yana amfani da motsi wajen tsayar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kowace rana. Saboda haka hana yaro fita tara a matsayin horo kuskure ne babba: wanda ya fi kowa buƙatar gudu shi aka tsare.

Bayan kowane minti 15 zuwa 20 na zama, ka tayar da ajin duka na minti biyu. Su miƙa hannu sama, su taka ƙasa da ƙarfi sau ashirin, su haɗa tafin hannu su danna, su dafa benci su ɗaga jikinsu. Ka ƙare da motsi mai sanyi don su koma zama a natse. Aikin da ke sa tsoka ta ja ko ta tura abu mai nauyi yana kwantar da yara da yawa, don haka mai ƙiriniya shi ne ɗan aikenka: ya kai littattafai ofis, ya goge allo, ya jera benci, ya ɗauko ƙaramin bokitin ruwa. Ka ba shi aikin da fara'a tun kafin ya fara rigima, kada ya zama hukunci. A fili kuwa langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya da carafke sun ishe mu, ba sai an sayo komai ba.

Mai tauna murfin biro yana cikin haɗarin shaƙewa. A karɓe murfin, a roƙi uwarsa ta riƙa sa masa abin tauna mai tauri na lokacin tara, kamar karas, rake ko ƙuli-ƙuli. Mai taɓe-taɓe a ba shi ɗan ƙyalle ko ƙullin roba ya riƙe a ƙarƙashin tebur, da sharaɗin ba a jifa da shi.

Mataki na shida: tsarin da yaro ya sani, da wurin hucewa

Ka zana jerin ayyukan yini a kwali da hotuna masu sauƙi: taro, lissafi, tara, karatu, tashi. Kowane aka gama a sa masa alama. In za a sauya wani abu, baƙo zai zo ko za a yi allurar rigakafi, a faɗa tun da safe.

Ka ware wata kusurwa ka shimfiɗa tabarma, ko ka ajiye kujera a baranda inda idonka ke kai wa. Wannan wurin hucewa ne, kuma kada ka taɓa tura yaro can cikin fushi, in ba haka ba ya zama kurkuku. Ku yi alama tsakaninku, ko ya ɗaga wani ɗan kati, ya je ya yi minti uku zuwa biyar ya dawo. Ka koya wa ajin duka numfashin natsuwa lokacin da kowa ke lafiya: a shaƙa ta hanci a hankali, a hura ta baki a hankali kamar ana huce koko mai zafi, sau biyar. Abin da ba a koya cikin kwanciyar hankali ba, ba a tuna shi cikin tashin hankali.

In abin ya riga ya ɓaci

Akwai bambanci tsakanin rigimar neman abu da cikar jiki. Mai rigima yana satar kallonka, in ya samu abin da yake so ya yi shiru. Wanda jikinsa ya cika ba ya ganin kowa, ko ka ba shi abin ba ya tsayawa, wani ma yakan ciji hannunsa ko ya buga kai. A wannan hali nasiha ba ta shiga, duka kuma ƙara rura wutar yake yi.

Ka fara da tsaro: a janye benci da duk abin da zai ji masa rauni, monita ya ja sauran yara gefe, a hana taruwa a kansa. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ta gefe. Ka rage magana zuwa kalma biyu ko uku cikin sanyin murya: “Ina nan. Ba komai.” Kada ka riƙe shi sai in zai cutar da kansa ko wani, kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki. Ka sassauta numfashinka, domin yaro daga natsuwar babba yake samun tasa. In ya lafa a ba shi ruwa, a bar shi ya huta. Maganar abin da ya faru sai daga baya, kuma in ya zubar da kaya ya tattara, in ya bugi wani ya ba shi haƙuri. Fahimtar dalili ba ta soke tarbiyya.

Zama da iyaye

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ta san ko ɗanta yana ƙin aski, ko yanke farce, ko ƙarar injin markaɗe, ta kuma san abin da ke lallashinsa. Kada ka kira ta a gaban mutane, kada kuma ka fara da ƙorafi. Ka ce: “Hajiya, sannu da ƙoƙari. Yaron nan yana da kaifin ido a zane. Na lura ƙara tana takura masa, ko a gida ma haka yake? Me kuke yi masa ya natsu?” In ta ce ana zaton iska ce ko baki, kada ka yi mata dariya. Ka ce addu'a ba ta hana neman magani, a haɗa biyun. Ka kuma sanar da malamin islamiyyarsa ko na cocinsu abin da ya yi aiki a wurinka, don kada a warware da yamma abin da aka ƙulla da safe.

Lokacin tura yaro gaba

In an yi zango guda ana waɗannan gyare-gyare ba sauyi, ko yaro ba ya magana kamar sa'o'insa, ko ya daina abin da ya iya a da, ko yana raunata kansa, ko yana yawan ƙamewa, a je asibiti ba tare da jinkiri ba. Mutanen Abakwa sun yi sa'a, domin manyan cibiyoyin ƙasa suna garinsu. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana nan Kaduna, ana gwajin ji a can. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana wajen Mando. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana da likitocin yara. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, tsallaken kogi, yana duba yara masu matsalar ɗabi'a da jinkirin girma, kuma zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Malami ya faɗa wa iyaye haka ƙarara, ya kuma ba su kwafin abin da ya rubuta a makonnin lura su tafi da shi, domin zai rage wa likita lalube.

Doka ma tana bayan yaron. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da tsangwama ba, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su zama na kowa. Korar yaro don ya kasa zama lafiya, ba a gwada komai ba, tauye masa haƙƙi ne.

Kada ka ɗauki matakan nan duka a rana ɗaya. A makon farko ka buɗe shafin lura, ka sauya wa yara biyu wurin zama, ka shigar da motsin minti biyu a kowane darasi. Abin da ya yi aiki ka riƙe, ka faɗa wa shugaban makaranta da abokan aikinka a taron malamai, ka kuma rubuta shi a miƙa wa malamin da zai karɓi yaron baɗi, don kada ya fara daga farko.